Gwajin sikila ga jarirai: Kafin a ɗora wa iyaye mata laifi, a dubi hanyar Lolo

Duk lokacin da aka tambayi dalilin da ya sa ba a yi wa jarirai gwajin cutar sikila a karkarar Arewa, amsar da ke saurin fitowa ita ce wai iyaye mata ba su waye ba, ba sa yarda a taɓa jinin 'ya'yansu. Shekarun annobar korona sun ƙara wa wannan amsa farin jini, domin a lokacin an ga yadda mata suka ƙaurace wa asibitoci, wasu har da ranakun awo da na rigakafi. Amsa ce mai daɗi ga hukuma, tunda tana sauke nauyi daga kan mai tsara kasafin kuɗi ta ɗora shi a kan mai jego. Sai dai duk wanda ya dubi gari irin Lolo da ke Ƙaramar Hukumar Bagudo a Jihar Kebbi, a bakin iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin, zai ga cewa yawancin matan karkara ba a kai ga tambayarsu ba tukuna, ballantana a ce sun ƙi.

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan jariran da ake haifa da sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta gabatar tun 2006 ya ce kusan jarirai 150,000 ne a kowace shekara. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka gudanar a 2018, wanda shi ne na farko da ya haɗa da gwajin nau'in jinin yara, ya gano cewa kashi 20 cikin 100 na yara 'yan wata 6 zuwa 59 suna ɗauke da AS, sama da kashi ɗaya cikin 100 kuma suna da cutar kanta. Wannan lissafin waɗanda aka tarar da rai ke nan. Da Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja da abokan aikinta suka sake nazarin alƙaluman, a rahoton da mujallar Lancet Haematology ta buga a 2021, sun ƙiyasta cewa kusan rabin yaran da ake haifa da sikila a ƙasar nan ba sa kaiwa shekara biyar, wato ninki huɗu na mutuwar yaran da ke da AA.

Binciken na 2018 ɗin dai shi ne ya nuna Kebbi a matsayin jihar da ta fi kowace yawan mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, 252 cikin kowane 1,000. Zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon huhu da tamowa ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Amma a cikin waɗannan ƙananan kaburbura akwai na yaran da sikila ta kashe ba tare da an taɓa ambaton sunanta ba, aka ce zazzaɓi ne, ko shawara, ko iska.

Akwai dalilin da ya sa likitoci ke nacewa a kan a yi gwajin tun yaro na cikin zanen goyo. Jariri mai SS yakan zo duniya lafiya lau, domin a watannin farko jikinsa na amfani da irin jinin da ya rayu da shi a cikin mahaifa, wanda ƙwayoyinsa ba sa lanƙwashewa kamar lauje. Daga wajen wata huɗu zuwa shida wannan kariya ke fara janyewa. Sai a ga bayan hannu da na ƙafa sun kumbura, yaro na ta tsala kuka ba ya son a taɓa shi, ido ya yi rawaya, jiki ya ɗashe. Abin da ya fi haɗari kuwa ba ya ganuwa. Saifa, wadda ke tace ƙwayoyin cuta daga jini, tana lalacewa tun da wuri, don haka zazzaɓin da wani yaron zai kwana biyu ya warware yana iya kashe mai sikila cikin yini guda. Wani lokaci saifar ce ke kumbura farat ɗaya ta tattare jinin jikin yaron, kafin a samo babur a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Abin takaicin shi ne hanyar kare yaron daga mafi yawan wannan ba ta da tsada, kuma ba sabuwa ba ce. A 1986 aka buga sakamakon wani bincike a Amurka da ya nuna cewa bai wa ƙananan yara masu sikila fenisilin sau biyu a rana ya rage munanan cututtukan da ƙwayar nimoniya ke haddasawa da kashi 84 cikin 100. Shekara guda bayan haka masana a can suka ba da shawarar a riƙa gwada kowane jariri. Idan aka haɗa fenisilin da allurar rigakafin ciwon huhu, wadda kyauta ce a jadawalin rigakafin Najeriya, da gidan sauro da maganin kariya daga zazzaɓi, da folik asid, aka kuma koya wa uwa yadda za ta laluba cikin ɗanta ta gane saifa ta kumbura, to an rufe manyan ƙofofin mutuwa. A nan gida ma, likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da kuma Asibitin Barau Dikko na Kaduna sun tabbatar da cewa maganin haidroksiyuriya na kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki idan aka gano masu haɗarin da wuri. Duk wannan sai an san yaron na da cutar. Ba a bai wa jaririn da ba a gwada ba fenisilin na shekara biyar.

To shin iyaye mata na yarda? Inda aka tambaye su yadda ya kamata, amsar ba ta da wuyar samu. Tsakanin 2017 da 2019, ayarin Farfesa Nnodu ya kai gwajin nan-take zuwa ƙananan asibitoci biyar a Gwagwalada da ke Abuja, aka ɗora shi a kan ranakun rigakafi. Ɗigon jini kaɗan ake ɗauka daga jikin jariri, a sa a wani ɗan tsinken gwaji mai suna HemoTypeSC, cikin 'yan mintoci sakamako ya fito, babu buƙatar lantarki ko firji. Jarirai 3,603 aka gwada, aka samu 51 masu SS, huɗu masu SC, 740 kuma masu AS. Ba a kafa wani sabon gini ba, ba a kuma nemi matan su yi wata tafiya ta daban ba. Sun zo rigakafi, aka yi musu bayani, suka miƙa 'ya'yansu.

Misali na biyu ya fi kusa da Lolo ta fuskar maƙwabtaka, domin daga ƙasar Benin yake. Tun 1993 Farfesa Mohamed Cherif Rahimy da abokan aikinsa suka fara gwajin jarirai a Kwatano. Dabararsu ita ce fara magana da mace tun tana zuwa awon ciki, ungozomomin asibiti su yi ta maimaita mata bayani, har ta kai ita da kanta ke neman a gwada abin da ta haifa. Rahoton da suka buga a 2009 ya nuna cewa mafi yawan jariran da aka gano suna da cutar sun ci gaba da zuwa asibiti shekara da shekaru, kuma mutuwa a cikinsu ta yi ƙasa ƙwarai da ta sauran yaran ƙasar. Ghana ma ta fara nata a Kumasi tun 1995. Waɗannan ba matan Turai ba ne. Mata ne masu talla da saƙa da noma, masu surukai da kishiyoyi kamar kowa.

Kebbi ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. A farkon shekarun 2010 Gwamnatin Tarayya, ta ofishin muradun ƙarni, ta kafa cibiyoyin sikila shida, ɗaya a kowace shiyya, ta sa musu na'urorin zamani na tantance nau'in jinin jarirai: Abakaliki, Yenagoa, Ebute Metta, Gombe, Keffi da Birnin Kebbi. Wato cibiyar Arewa maso Yamma baki ɗaya a babban birnin wannan jiha aka ajiye ta. Niyyar mai kyau ce, amma irin waɗannan na'urori na son wutar lantarki da ba ta yankewa, da sinadaran da ake sayowa daga waje masu wa'adi, da ƙwararrun ma'aikata, sannan sai an kawo musu jinin daga inda aka haifi yaron, a kuma mayar da sakamako. Jariran da cibiyoyin shida suka gwada ba su kai ko kusa da abin da aka yi fata ba. Har yau gwajin bai zama aikin yau da kullum na asibitocin sha-ka-tafi na ƙasar nan ba, duk da cewa Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin kula da sikila tun 2014.

Yanzu a auna wannan da matar da ta haihu a Lolo. Garin na can ƙetaren Kogin Neja, wanda mutanen yankin ke kira Kwara, a ɓangare guda da Illo, yana kallon Madekali ta ƙasar Benin, daga can kuma sai babbar kasuwar Malanbil. Kafin a isa Birnin Kebbi sai an ƙetare kogi an yi tafiyar sa'o'i. Binciken 2018 ya nuna cewa matan Kebbi da ke haihuwa a asibiti ba su kai kashi 10 cikin 100 ba. Sauran a ɗaka suke haihuwa, a hannun ungozoma ko uwa ko kaka. Daga nan sai wankan jego na kwana arba'in, ruwan zafi safe da yamma da kunun kanwa, kuma ba al'ada ba ce a ga mai jego tana yawo da ɗanyen goyo. Duk tsarin gwajin da aka gina a kan ɗakin haihuwar asibiti ya riga ya bar tara cikin goma na jariran jihar a waje tun kafin a buɗe baki a tambayi kowa.

A kan wannan ne korona ta zo ta sauka, kuma ta tarar da mutanen iyaka cikin wani ƙuncin da ya riga ta. Tun watan Agustan 2019 gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu don hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A watan Nuwamban shekarar Hukumar Kwastam ta hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, abin da ya sa kuɗin babur da na mota ya tashi a garuruwa irin Lolo. An samu mai korona na farko a Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, aka kulle Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris, aka biyo da hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Damina na zuwa, ambaliya ta cinye gonakin shinkafa masu yawan gaske a Kebbi ta kuma lalata hanyoyi. Da aka buɗe iyakoki huɗu a watan Disamban 2020, Seme da Illela da Maigatari da Mfum ne. Da aka ƙara huɗu a Afrilun 2022, Idiroko da Jibiya da Kamba da Ikom ne. Babu Lolo a ko ɗaya daga cikin jerin biyu. Magidancin da ke ci daga dako da lodin kaya da cinikin iyaka, wanda kuma gonarsa ta nutse, ba ya ware kuɗin mota don a je a gwada jaririn da ke shan nono yana barci lafiya. Ba shi da laifi idan ya ga hakan almubazzaranci ne, matuƙar babu wanda ya zaunar da shi ya faɗa masa abin da ke iya faruwa a wata na shida.

Tsoron ma gaskiya ne, ba a musa shi. A watannin farko na annobar mutane da dama sun guji asibiti don kada zazzaɓi ko tari ya sa a ce korona ce a kai mutum cibiyar killacewa. Ma'aikatan lafiya su ma suna tsoron marasa lafiya, saboda ƙarancin kayan kariya. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce yara miliyan 23 ne a duniya suka rasa rigakafin yau da kullum a 2020, adadin ya haura zuwa miliyan 25 a 2021. Ga iyalan da ke da mai sikila abin ya fi muni. Darasi na farko da ake koya wa uwar mai sikila shi ne zazzaɓi ba abin jira ba ne, a garzaya asibiti. Saƙon da ke fitowa daga rediyo a lokacin kuwa shi ne a zauna a gida. Ciwon ƙirjin da ke kama masu sikila, da zazzaɓi da numfashi sama-sama, kamarsa ɗaya da korona a idon wanda bai sani ba. Uwar da ta san ɗanta SS ne tana da abin da za ta faɗa wa ma'aikacin da ke bakin ƙofa. Wadda ba ta sani ba sai ta koma gida da jiƙo.

Sai dai wannan tsoro na asibiti ne da abin da ake zaton zai biyo baya, kuma shekarar 2020 ɗin kanta ta nuna iyakarsa. A wannan damina an ci gaba da rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro gida-gida a jihohin Arewa, masu rabon sun sa takunkumi, suna miƙa wa uwa maganin ta bai wa ɗanta da hannunta, kuma gidaje suka karɓa. A ranar 25 ga Agustan shekarar aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji. Yankin da ya ƙaurace wa allurar a 2003 da 2004, bayan ɗacin da gwajin maganin Trovan na kamfanin Pfizer ya bari a Kano tun 1996, shi ne ya dawo ya buɗe ƙofofinsa. Lacca ba ta yi wannan aikin ba. Sarakuna ne suka shiga ciki ƙarƙashin kwamitin da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafawa a 2009, aka kuma ɗauki matan unguwa da aka sani suka riƙa shiga gidaje. Mai jego takan yarda da abin da ya zo mata har ɗaka a hannun wadda ta sani, da harshen da take ji, wanda kuma ta ga amfaninsa.

Akwai wani ɓangare da masu ƙirga yardar iyaye mata ke yawan tsallakewa. A gidajen wannan yanki, ko na Bahaushe ne ko na Badandi ko na Bafulatani, amincewar mai jego kaɗai ba ta isa a soki ƙafar jariri ba. Akwai maigida, akwai uwar miji, idan haihuwar fari ce kuma yarinyar na gidan iyayenta tana wanka, kunya ma ba za ta bar ta ta yi magana a kan ɗan ba, sai dai a tambayi kakarsa. Ma'aikaciyar da ta tsallake Inna ta nufi yarinya da takarda a hannu ta riga ta ɓata aikinta. Idan an ji mace ta ce sai ta tambayi Malam, ba ƙi ta yi ba. Ta faɗi yadda gidan yake ne.

Kuma tana da dalilin yin taka-tsantsan, domin sakamakon na iya zame mata masifa. Har yanzu a gidaje da yawa idan yaro ya zo da ciwon gado, dangin uwa ake kallo. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya ana ce mata mai wabi, a raɗa wa na gaba suna irin Ajuji ko Ayashe ko zai tsaya, ba tare da an taɓa tunanin a duba jinin ma'auratan ba. Gaskiyar ilimi ita ce yaro ba ya zama SS sai ya ɗauko S ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma idan su biyun AS ne, kowane ciki na da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da cutar. Wannan bayani ya kamata uba ya ji shi da kunnensa daga bakin ma'aikacin lafiya. Idan aka damƙa wa mace sakamako ita kaɗai aka ce ta je ta faɗa a gida, an aike ta da wuta a tafin hannu. Mafi muni shi ne inda uban ke riƙe da tsohuwar takardar wani ɗakin gwaji da ta ce shi AA ne. Kuskuren sakamakon nau'in jini abu ne da aka sani a ƙasar nan, kuma takarda ɗaya ta bogi ko ta ganganci na iya jefa zargi a kan matar da ba ta ji ba ba ta gani ba, har aure ya mutu. Ƙa'ida ce da bai kamata a yi wasa da ita ba: duk jaririn da aka samu da SS ko SC, a sake tabbatar da sakamakon, a kuma gwada iyayen biyu kafin magana ta fita daga ɗakin.

Haka kuma ɗaya cikin biyar na jariran da za a gwada AS za su fito. Idan ba a yi bayani a tsanake ba, gida zai ɗauka an ce yaron na da rabin sikila, a shiga zullumi da kashe kuɗi a banza. Mai AS lafiyarsa ƙalau, sai dai ya san da shi ranar da zai nemi aure. Bayanin nan na cin lokaci, kuma ma'aikaciya ɗaya da ke fama da layin mata masu yawa ranar rigakafi ba za ta iya shi ba sai an ƙara mata hannu.

Wasu na ganin mafita ita ce dokar gwaji kafin aure, irin wadda Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sanya wa hannu a Kano a watan Mayun 2024. Dokar na da amfaninta, amma ba ta yi wa jaririn da aka riga aka haifa komai, kuma miliyoyin auren da ke ƙasa yau an ɗaura su ba tare da gwaji ba. Bai kuma dace a mayar da gwajin jarirai dole da tara ko barazana ba, kamar yadda bai dace a ɗebi jinin yaro a ɓoye a ce ai rigakafi ne ba. Yankin da ya sha fama da jita-jita a kan allura ba ya buƙatar sabon dalilin zargi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin da ke gaban Gwamnatin Jihar Kebbi ƙarƙashin Gwamna Nasir Idris, da Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jihar, bai fi ƙarfinsu ba. Hanyar da za a bi tana nan a shimfiɗe. Jadawalin rigakafi na kawo jariri a makon haihuwa, da sati 6 da 10 da 14, da wata 9. Tun watan Disamban 2024 kuma Kebbi da Bayelsa ne jihohin farko da aka fara allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, wadda ta ƙara wasu ranakun haɗuwa daga wata biyar. Zuwan sati shida ya yi daidai da fitar mai jego daga wanka, kuma ya zo kafin lokacin da ya kamata a fara fenisilin. A ajiye tsinken gwaji a teburin rigakafi, a sa wani a jakar ma'aikatan da ke fita ƙauyuka da rugage. Ungozoma da wanzami su ne ke fara sanin an haihu, kuma liman da mai unguwa na wurin ranar suna. Su ne za su ce wa maigida, Malam, idan an yi arba'in a kai yaron a duba jininsa. Masarautar Gwandu, wadda Bagudo ke ƙarƙashinta, ta san wannan aikin tun zamanin shan-inna.

Sharaɗin shi ne kada a gwada yaro sannan a sallami uwarsa da takarda kawai. Shirin da ya gano cuta ya kasa ba da magani ya fi rashinsa illa, domin matar farko da ta koma gida da mugun labari hannu rabbana ita ce za ta hana goma zuwa. Fenisilin na ruwa da folik asid da maganin zazzaɓi su kasance a asibitin garin, kyauta, daga asusun kula da lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanada, a kuma sa duk yaron da aka gano cikin shirin taimakekeniyar lafiya na jihar, KECHEMA. Cibiyar Birnin Kebbi ta zama wurin tabbatar da sakamako da horar da ma'aikata. Darasin kulle kuma shi ne a riƙa ba da maganin wata uku a lokaci guda, a karɓi lambar wayar uba, a kuma rubuta a ƙa'ida cewa gwajin jarirai da asibitin masu sikila na cikin ayyukan da ba a rufewa ko wace annoba ce ta zo, korona ce ko sankarau ko kwalara.

Sai batun iyakar kanta. Iyalan Lolo da na Madekali da Malanbil dangin juna ne, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya da naira da sefa. Mace kan tafi wankan gida a ƙetare, a haifi yaro a Benin a yi renonsa a Najeriya, ko akasin haka. Wani yaron na da katin rigakafi biyu, ɗaya da Faransanci ɗaya da Turanci, wani ba shi da ko ɗaya. An yi sa'a haruffan SS da SC iri ɗaya ake rubuta su a harsunan biyu. Nau'in C ɗin ma ya fi yawa idan aka nausa yamma zuwa Benin da Burkina Faso da arewacin Ghana, don haka gwajin da za a kawo nan dole ya zama mai gane shi, kuma tsohon gwajin da ke cewa akwai sikila ko babu kawai bai dace da jarirai ba. Jami'an lafiya na ɓangarorin biyu sun saba haɗa kai a lokutan rigakafin shan-inna. Abin da ake buƙata shi ne kati ɗaya mai harshe biyu da uwa za ta riƙe, da yarjejeniya tsakanin Ƙaramar Hukumar Bagudo da gundumar Malanbil cewa duk yaron da ya zo da wannan kati yana zazzaɓi za a duba shi nan take, a kuma cika masa fenisilinsa a duk ɓangaren da ciwon ya same shi.